Yadda Yaya Tanko Ya Hana Mu Ruwa Rani Guda

Ku da kuka riski Yaya Tanko, ba sai na tuna muku ƙusar nan ba. Doguwa ce, ta kai tsawon tafin hannu, kullum tana soke a gefen hularsa. Ba ya shiga gidan mutane ya zauna kamar sauran bayin Allah. A'a. Sai ya zare ƙusa ya karci bango, ya dubi abin da ya zubo, ya ɗanɗana a harshe, sannan ya tuna da gaisuwa. Ni ce autarsu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kunyar da na sha a kansa Allah kaɗai ya san yawanta.

Kwanana bakwai a gidan miji ya zo ganin ɗaki. Yana shiga ya karci bangon, ya tauna, ya tofar. Ya juya ga surukina, dattijo mai furfura, ya ce, "Baba, wa ya yi muku wannan yaɓen?"

Tsoho ya ce, "Ni na yi da hannuna."

Ya ce, "To Allah ya yafe maka. Ƙanwata muka ba ku aure, ba binne ta muka ce ku yi ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige! Washegari sai ga shi da jaki da kayan yaɓe, ya tuɓe riga ya sake ɗakin tun daga tushe, ko ruwan gidan bai sha ba.

Magini ne, duk ƙasar nan daga Ɗansoshiya har Kiru an san hannunsa. A shekarun nan, kafin Turawa su tattara su tafi, aka fara ba da aikin En'e, wato hukumar mulkin sarki, kwangila. Ƙa'ida ita ce, ba a sallamar ɗan kwangila sai dagaci ya sa wanda ya san gini ya duba, ya dangwala yatsa a takarda. Dagacinmu ya ɗauko Yaya Tanko. Wallahi da ya san abin da ya ɗauko, da ya bar shi a gona.

Shi Yaya maganarsa ɗaya ce. Ya ce akuyarsa ya sayar ya biya haraji, saboda haka duk ginin da En'e ta yi, akwai akuyarsa a ciki. In ya ga aikin banza sai ya kama haɓa ya ce, "Wayyo akuyata!"

Wani Alhaji daga birni, mai ƙaton rawani da taushin murya, shi aka ba kwalbatin hanyar Kiru. Da aka gama, Yaya ya zagaya, ya leƙa, ya ce, "Alhaji, shiga ƙarƙashi ka zauna. Zan koro jakai goma da kayan dawa su bi ta sama."

Alhaji ya ce, "Haba Malam Tanko, da babbar rigata?"

Ya ce, "Tuɓe, ni zan riƙe maka."

Alhaji ya ƙi. Aka ce shugaban leburorinsa ya shiga, ya ce cikinsa ke ciwo. Leburori kuwa kowa ya ja da baya yana kallon sama. Yaya ya ce, "To, masu abu sun gama dubawa, ni me zan ƙara?" Sai da aka fasa aka sake.

Kun ɗauka daga nan an rabu da mutumin? Ina! Da maganar rijiyar siminti ta taso, shi ɗin dai aka turo mana. Yaya ya je gaban dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, me ya hana a yi shela a kasuwa, duk mai iyawa ya fito, a je a ga aikinsa na baya?" Aka ce masa takarda ta riga ta fito.

Kwana biyu sai ga rago fari tas a ƙofar gidan Yaya, wai gaisuwa daga Alhaji. Matar Yaya har ta ba shi dusa. Yaya ya kwance shi, ya ja shi a ƙasa har kasuwar Kiru, ya sami Alhaji a tsakiyar mutane ya ce, "Alhaji, ragonka ya yi ɓatan kai ya shigo gidana. Ya ci dusa ƙwarya guda, amma na yafe."

To ku saurara, nan ne maganar take. A lokacin ruwan tafki muke sha, mu da shanu. Rani in ya yi, sai rafi, tafiyar da za ka fita da hantsi ka dawo da azahar. Kurkunu kuwa ba gidan da bai shiga ba. Ni kaina ƙafata ta dama ta kumbura suntum, da sanda nake tafiya. Da muka ga ana haƙa, ana zuba siminti, murna kamar mu taka rawa.

Ana cikin aikin sai shugaban leburorin ya aiko gida gida, wai ana sayen toka za a kai marina. Ƙwarya uku, a ba ki gishiri cikin tafi ko yankan sabulu. Toka fa! Abin da muke zubarwa a juji! Muka share murhu, muka tankaɗe, muka yi ta aikawa, muka yi ta aikawa. Ni har ta maƙwabta na roƙa. Yaya yana can ƙasar Burumburum ana ginin masallaci, bai san abin da ake ciki ba.

Ranar buɗe rijiya gari ya cika. Ga malami daga birni da takarda da tawada, ga dagaci, ga Alhaji yana rabon goro, ga mu mata a gefe da tuluna, layi har gindin tsamiya. Rijiya kuwa sumul, kamar a lashe. Yaya ya ce a ɗaura masa igiya a zura shi. Aka zura shi. Muka ji ƙar, ƙar, ƙar, sai kuma yuuu, abu na zuba cikin ruwa. Can daga ƙasa muka ji murya: "Wayyo akuyata!"

Aka jawo shi, gemu da baki duk fari. Ya buɗe tafi gaban malami, ga ɗan gawayi, ga ƙashin kifi. Ya ce, "Malam, kai ka yi karatu. Can inda ake yin siminti, kifi suke ci a bakin buhu?" Ya juyo ga jama'a. "Toka ce aka cuɗa! Wa ya sayar da toka a garin nan?"

Kan kowace mace ya yi ƙasa. Idonsa ya tsaya a kaina. "Auta, har da ke?"

Na ce, "Yaya, cewa suka yi marina."

Ya ce, "To ga marinar nan, kawo zanenki a rina miki."

Ku dubi cin mutunci irin na mutumin nan na birni! Ya sace simintinmu, ya cike gurbin da tokar murhunmu, ya ba mu gishiri, mu kuma muna sa masa albarka! Har yau in na tuna, sai in ji zuciyata na tafasa.

Amma a ranar, ba da Alhaji muka yi fushi ba, da Yaya muka yi. Dagaci ya ja shi gefe ya ce, "Tanko, rani ne. Dangwala, mata su sha, bayan damina a gyara." Ni na ja ƙafata na durƙusa gabansa na ce, "Yaya, dubi ƙafata. Don darajar iyayenmu."

Ya dube ni. Sannan ya cusa hannunsa a hammata ya zauna a bakin rijiyar. Ya ce, "Ranar da za ta rufta, 'ya'yan wa ke jan guga? Na Alhaji? Yatsan nan, sai dai ku yanke shi ku dangwala da kanku."

Malami ya naɗe takardarsa ya koma da labari. Aka umarci Alhaji ya farfasa ya sake da aljihunsa. Yaya ya kafa sharaɗi: ba a farke buhu sai a gabansa, ba a kwaɓi sai da rana tsaka kowa na gani. Aka yi ta yi, aka yi ta yi, rani ya ƙare muna zaryar rafi. Mata suka daina gaishe shi. Ni kwana arba'in ban ce masa ci kanka ba. Amma kullum da safe zan tarar da tulu biyu a ƙofar gidana, ruwan rafi, an tace da tsumma mai tsabta. Haka ƙofar kowace tsohuwa. Na ga sawun jakinsa, na yi kamar ban gani ba.

Da rijiya ta kammalu ya dangwala. Kun san ladan da aka ba shi? Ba a sake kiransa duba aiki ba. Wai ya tsufa! Mutumin da aka zura rijiya da igiya, shi ne ya tsufa! Aka samo mai saurin yatsa.

Mu dai kurkunu ya bar mu. Rijiyar nan ita kuka sha kuka girma, ba ta taɓa tsagewa ba. Ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe mini ba, nauyi ya hana ni, kullum ina cewa gobe. Ranar da ya rasu, na hana kowa taɓa guga. Ni na jawo ruwan wankansa da hannuna, guga bakwai, ina ja ina cewa, "Yaya, ka yi gaskiya."

Allah ya jiƙan Yaya Tanko. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya yalwata masa kabarinsa. Yadda ya shayar da mu ruwa mai kyau, Allah ya shayar da shi daga Alkausara. Amin.