Mai Zuma da Shuɗin Gemu

Yayyafi ya gama da wani dattijo mai sayar da zuma a Kwanar Dangora. Kowace kwalba da takardarta, an zana shuɗin fure, ina jin wani ɗansa ne ya buga masa da firinta a gida. Ashe tawadar ba ta shiri da ruwa. Yana goge kwalba yana shafa gemu, gemun nan ya rine bai sani ba. Mota na tsayawa sai ya ɗaga kwalba, ba mai saye.

Na ce, "Kawu, yau gemun ma ado ya yi?"

Ya dubi tafinsa, ya yi dariya. "Allah ya yi wa Inusa ɗana albarka! Tun safe ba wanda ya dube ni sai yanzu. To, ka sha kallo, kwalba nawa?"