Rigar da ta rufe jar fitila

Duk lokacin da na ji ƙarar masu bugun shadda a bayan kasuwar Dakoro sai raina ya ɓaci. Bari in gaya maka dalili.

Kakana yana da wani tsohon keke mai dinamo, abin da ke ba fitila wuta in taya na juyawa. Fitilar gaba ba ta dame shi ba, ta baya ce 'yar lelensa, wata 'yar ja mai girman ƙwan zabo. Kowace safiya sai ya goge ta da bakin rawani, ya ɗaga ƙafar baya ya juya feda, ni kuma in tsuguna in ce masa ta kama. In zai hau, sai ya tattare babbar rigarsa ya zauna a kanta. Mutane suna dariya wai tsoho zai tsallake rafi. Ko a jikinsa.

"Ta gaba taka ce," in ji shi. "Ta baya ta mai biye da kai ce."

Wata shekara bayan an yanke gero, iska na kawo ƙanshin sabon kara, kawuna ya ari keken zai je suna garin Ajekoriya. Ya fito cikin shuɗiyar shadda mai duhu, an yi mata bugu sai ƙyalli take. Kaka ya biyo shi har ƙofar gida.

"Ɗan nan, tattare rigag ga, kada ta ruhe wuta."

"Haba Baba, in tahi suna da riga kamar na kwana cikinta?"

Ya baza ta a baya ya tuƙa. Da idona na ga ta lulluɓe fitilar ruf.

Bayan magariba ya kamo hanyar gida. Wata babbar motar hatsi ta kwashe shi ta baya. Direban ya rantse wa jandarman da ya zo bincike bai ga ko ƙyas ɗin wuta ba, kuma gaskiyarsa. Fitilar nan tana ci, a ƙarƙashin riga. A likita aka yanke wa kawu ƙafar dama.

Masu jaje suka cika zaure, kowa sai "ƙaddara". Na yarda da ƙaddara, amma wallahi har yau abin yana ci mini rai. Taya Allah kiwo ya fi Allah na nan. An faɗa masa, a gabana aka faɗa masa! Daga ranar Kaka bai sake hawa keke ba.

Yanzu hanya ta cika da motoci da babura. Fitilar caji tana ko'ina, mai hasken da ta kaka ba ta kama ƙafarsa ba, amma kekuna nawa ka gani da ita? Jiya da almuru na tsai da wani dattijo a kan keke, rigarsa ta sauka har kan taya.

"Malam, ka ruhe wutakka."

Ya harare ni. "To in ɓata bugu?"

Na so in ja shi gidanmu ya gaida kawu. Har yau kawu ba ya fashin suna, shaddarsa kuwa ba ta da ko lanƙwasa. Takalmi ne dai ƙafa ɗaya muke ajiye masa a bakin tabarma.