Tsumma Don Hoto

Shagon Baba Mai Guga ɗaki ɗaya ne a bayan tashar mota: tebur da tsohon bargo a kai, dutsen guga na gawayi, igiya daga wannan ƙusa zuwa waccan. Kafin ka hango shi za ka ji shi. Ya guntsi ruwa ya fesa wa riga, fuuu, dutsen ya amsa, cuuu.

A ƙuryar shagon akwai buhun kayan da masu su suka kawo wanki suka manta shekara da shekaru. Da wannan buhun Baba yake nasa yaƙin. Tun yana saurayi ya lura cewa jami'an da ke kamen baƙi a bakin tasha ba takarda suke fara dubawa ba, riga suke dubawa. Wanda ya sauko daga mota da dauɗar hanya a wuyan riga, shi ake ce wa "kai, zo nan". Mai karin guga kuwa hannu ake ɗaga masa. Saboda haka duk baƙon da ya faɗo unguwar ba shi da kowa, Baba zai tura shi bayan shago da bokiti da sabulu, ya zaɓo masa kaya a buhu, ya goge, sannan ya raka shi ofishin neman izinin zama.

"Kai ba lauya ba, ba kansila ba," in ji matarsa kusan kullum. "Ka ƙarar mana da gawayi a kan wandon mutanen da ko gaisuwarsu ba ka ji."

"Wando ai ba ya neman tafinta, uwargida."

Haka ya karɓi wani birkila, magini baƙo daga wata ƙasa, shi da matarsa. Birkila ya samu aikin gini, ya fara tsintar Hausa, takardarsu kuma tana can ofis ana ta "ku dawo gobe". Ana cikin haka aka yi samame a kasuwa aka kwashe matar Birkila zuwa sansanin tsare baƙi. Baba ya yi ta sintiri har takalminsa ya cinye. Amsar ɗaya ce: in lauya bai shigar da magana ba kafin motar kora ta cika, za a kai ta iyaka.

A wannan tsakanin ne wata farar mota ta tsaya a ƙofar shago. Shugabar wata ƙungiyar kare baƙi ta fito, hankici a hanci saboda warin kwata, mai hoto yana biye da ita.

"Baba, wallahi aikinka ya burge mu. Lauyoyi muna da su birjik. Hoto kawai za mu ɗauka, don masu tallafa mana su gani da idonsu."

Birkila ya fito cikin farar riga, sai ɗaukar ido take. Mai hoto ya sauke kyamara.

"Wannan ne baƙon? Hajiya, ai ya fi ni kama da ma'aikacin banki. Wa zai tausaya wa wannan?"

"Baba, ina kayan da ya zo da su?" in ji Hajiya.

Matar Baba ta leƙo daga ciki. "Da su nake goge ƙasa."

"Yauwa, Mama! Su muke so."

Baba ya ajiye dutsen guga. "Ɗana, kada ka sa."

Birkila ya dubi tsumman, yana jiƙe, yana tsami. Ya dubi Hajiya. "Lauya zai je?"

"Gobe-goben nan."

"Baba, matata," ya ce, ya fara ɓalle maɓalli.

Suka ce hasken lungu bai yi ba, suka tsallaka da shi babban titi, gaban tasha. Aka zaunar da shi bakin kwata. Cire takalmi. Sunkuyar da kai. A'a, ɗago kaɗan, a ga ido. Da mai hoto ya dumbuzo ƙasa ya shafa masa a kafaɗa, Baba ya tofar da yawu ya koma shago.

Suna gamawa suka rufe gilashi suka tafi, ko su maido da Birkila ƙofar da suka ɗauke shi. Birkila na tsaye yana neman inda aka jefar masa da takalmi sai motar sintiri ta taka birki.

"Kai, zo nan."

Washegari Baba ya je ofishin ƙungiyar. Sanyin na'ura ya dake shi, ga hoton Birkila har an kafa a bango, girmansa ya kai ƙyaure. Sakatariya ta ce lauya ya tafi taron ƙara wa juna sani kan haƙƙin baƙi, sai ya dawo. Ta haɗa shi da Hajiya ta waya.

"Innalillahi! An kama shi? Kash! Baba, babu wanda ya ɗauki hoton kamun?"

Baba ya miƙa wa yarinyar wayarta. A hanya ya tsaya bakin famfo ya wanke kunnen da ya kara wayar.

Ranar da motar kora ta cika, tun da safe yana ƙofar sansani da ƙullin kaya. Ya roƙi mai gadi har ya bari ya matsa jikin motar. Ga Birkila a bayan ragar wayar taga, matarsa a gefensa, tsumman nan har yanzu a jikinsa.

"Ungo, ɗana. Riga da wando, ga na matarka. Kada ka buɗe sai kun kusa sauka, kar su yamutse."

Birkila ya jawo ƙullin ta ƙasan waya, ya rungume.

"Baba, hoton nan, an ga fuskata sosai?"

"An gani."

"Har ƙasarmu zai je?"

"Sun ce duniya duka."

Direba ya tayar da mota.

"Na gaya wa mahaifiyata ni ne shugaban magina," in ji Birkila. "Allah ya sa ba a kai mata hoton ba."