Sallar Kawu ta riga tamu

Mu a Jibiya sallarmu biyu wasu shekarun. Nijar za su ga wata, mu ba mu gani ba, alhali daga ƙofar gidanmu zuwa iyaka ɗan acaɓa ba ya ko zufa.

Shekarar da aka buɗe iyaka bayan dogon rufewa haka aka yi. Muna azumin talatin, sai ga waya: Kawu, ƙanen Innata da ke Maraɗi, ya sauko daga idi, yana hanya. Ban jira an aike ni ba, na zari hijabi sai Magama, bakin iyaka. Ga shi nan ya wuce 'yan duwan, kwastan ɗin Nijar, shadda sai ƙyalli, kular miyar zabi a hannu, dogon burodinsu a hammata.

"Ɗiyata, barka da salla! Ko watanku na nan an tsare shi a shinge?"

"Kawu, bakina a bushe yake, mu je kawai."

Inna ta fito da guɗarta, sai Yayana ya tare zaure. Wai abincin waɗanda suka sha azumi da gangan ba zai shiga gidan nan ba. Guɗar ta maƙale. Kawu ya juya zai koma, mutumin da Inna ta daɗe tana kukan rashin gani!

Ni ba na iya shiru. Na ce, "Yaya, kai ka rataya watan? Matsa mana!"

Baba ya fito da carbinsa. Bai daka wa kowa tsawa ba. Ya ce kowa da jama'arsa yake azumi, da su yake shan ruwa. Kawu ya bi shugabanninsa, yau azumi haramun ne gare shi. Mu mun bi namu, ci haramun ne gare mu. Alƙibla dai ɗaya ce. Sannan ya dubi Yaya.

"Ɗebo wa kawunka ruwa mai sanyi."

Wayyo daɗi! Yaya da azuminsa, ya durƙusa ya miƙa moɗa. Kawu ya shanye har da lumshe ido, don tsokana.

Da magariba muka buɗe baki da zabin Maraɗi, Yaya ya fi kowa tsoma burodi. Kawu ya kwana, da safe ya bi mu filin idi, Inna na gefena sai murmushi take a cikin hijabi.