Asabar Ɗin da Muka Yi wa Gari Biyu Alkawari

Ban taɓa mantawa da ranar da direbanmu ya tayar da mota ya tambaye ni inda za mu ba. Lokacin ina shekarata ta biyu a matsayin jami'in ofis na wata ƙaramar ƙungiyar likitoci a Gusau. Ni ba likita ba ne. Aikina shi ne kiran taro, rubuta abin da aka zartar, da aika wasiƙu. Sama da ni akwai shugaba, Dokta Almu, da sakatariya, Dokta Ngozi, likitar yara wadda ta daɗe a Gusau har Hausarta ta fi ta wasunmu.

Kowace shekara bayan girbi ƙungiya takan fita ƙauye ɗaya ta duba marasa lafiya kyauta. Kwamitin mutum shida ke zaɓar wurin. A zaman wannan shekarar shugaba ya kawo Furfuri ta Bungudu, sakatariya kuma ta kawo wani ƙauye a gefen Tsafe. Aka yi ta ja har aka kira la'asar. Dokta Almu ya miƙe ya ce shi ke nan an gama, kowa ya gyaɗa kai aka watse. Ni kuwa na rubuta a littafi: an amince a je.

Washegari shugaba ya bugo mini waya ya ce in rubuta wa mai garin Furfuri cewa muna tafe Asabar ta ƙarshen wata. Da yamma sakatariya ta leƙo ofis ta ce in rubuta wa mutanen Tsafe, ita ma Asabar ɗin ta ambata. Raina ya ba ni akwai abin da bai daidaita ba. Sai na ce wa kaina ƙila sun shirya rabuwa gida biyu ne ba a sanar da ni ba, kuma ƙaramin ma'aikaci ba ya tsare manya da tambaya. Na buga wasiƙu biyu, kowa ya sa hannu a tasa.

Ranar Asabar da hantsi likitoci bakwai suka hallara, muka loda akwatunan magani a bas ɗaya. Direba ya juyo ya ce, “Malam Lawali, hanyar Funtuwa za mu bi ko ta Sakkwato?”

Shugaba da sakatariya suka amsa tare, kowa da tasa hanyar. Da farko an yi dariya, an ɗauka wasa ne. Da aka ga ba wasa ba, shugaba ya ce in ɗauko littafi in karanta abin da aka zartar. Na karanta.

Ya ce, “A je ina?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, nan rubutun ya tsaya.”

Kafin wani ya yi magana wayata ta fara ƙara. Daga Furfuri aka ce an share makaranta, mata sun cika aji biyu. Daga Tsafe wani Bafulatani ya karɓi wayar mai gari ya ce tun asuba ya ɗauko mahaifiyarsa daga ruga a kan babur, ƙafarta ta kumbura, yaushe za mu iso. Na ce masa muna hanya, alhali ban san ko ƙarya nake yi ba.

Dokta Ngozi ce ta raba gardama. Ta ce bas ta tafi Tsafe da mutum huɗu tunda ta fi nisa kuma dole a dawo da rana, shugaba ya ɗauki sauran biyu a motarsa zuwa Furfuri. Aka shiga sauke kaya ana sake lodawa, wannan na kiran na'urar awon jini, wancan na neman auduga. Aka aike ni ofis in ƙaro katin rajista. Ina fitowa na tarar da fili wayam. Kowane ɓangare ya zaci ina tare da ɗayan, ga makullin babban akwatin magani a aljihuna, ban ma san wace mota akwatin ya shiga ba.

Na kira shugaba bai ɗauka ba, sakatariya kuma layinta ba ya shiga. Na yi canke na hau motar haya zuwa Tsafe. Da na isa na ga akwatin a buɗe, wani mai facin taya ya ɓalle kwaɗon da guduma. Mahaifiyar Bafulatanin nan tana zaune a inuwa an naɗe mata ƙafa. Dokta Ngozi ko kallon makullin ba ta yi ba, ta miƙo mini biro ta ce in zauna in rubuta sunaye.

A zama na gaba na shiga da takardar neman afuwa a aljihu. Shugaba ya bi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wane wuri suka fahimta an zaɓa. Uku suka ce Furfuri, uku suka ce Tsafe, kowa kuma a shirye yake ya rantse. Ba a ƙara tayar da maganar ba, kuma har yau ban san wanne ne ba.

Ku ma'aikatan ofis da kuka zo bayanmu, likita zai yi wa majinyaci tambaya goma kafin ya rubuta ƙwaya ɗaya, amma in ya zauna da abokin aikinsa sai ya ɗauka an fahimci juna. Tambayar da suka tsallake, taku ce. Tun daga ranar, in an gama taro, ba na barin kowa ya sa takalmi sai na karanta abin da na rubuta da ƙarfi, ko da liman ya tayar da iƙama.