Kalmar da na ɗauka tawa ce

Ɗana yana da shekara biyar a lokacin, kalma ɗaya tak ke bakinsa: "isa". Ba ya cewa Inna, ba ya cewa ruwa. In yana son sha sai ya kama wuyan hannuna ya ja ni har bakin randa. Dokotoron da muka gani a Kandi ya faɗi sunan abin da Faransanci, otism, ya ce sai haƙuri. Haƙuri! Ni da aka sani tun Kamba da saurin hawa.

Kalmar nan kuwa na san inda ya samo ta, a ganina. Sau nawa a yini nake daka mishi tsawa, "Ya isa! Kai, ya isa haka nan!" in ya kifar da kwanon shinkafa ko ya dame ni da buga murfin tukunya a siminti. Da na faɗa sai ya saki abin, ya ruga ƙofar gida, ya jingina goshi da ita yana "isa, isa". Na ce guduna yake yi. Abin yana ci mini rai, amma a ɓoye ina riƙe da shi. Ko tsawa ce, abu ɗaya da ya koya a duniya daga bakina ya fito.

Da aka rufe lakwal, wato makaranta, babban hutu ya zo, muka hau kabu-kabu biyu zuwa Garou, gidan yayar mijina, kamar kowace shekara. Su Dandawa ne, mijinta masunci. 'Ya'yanta biyar, bakinsu kamar rediyo. Su gaishe ni da Dandanci su juya su gaishe ni da Hausa. Autarta ko yaye ba a gama ba, tana bin ta tana kiran uwa har sai an ce ta yi shiru. An ce ta yi shiru! Wallahi na ji haushin yarinyar nan, 'yar mitsitsiya da ba ta yi mini komai ba.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ɗana da gwaggonsa. Yaron da ba ya bari in taɓa mishi kai, ga shi zaune jikinta tana gyaran kifi, yana jera ɓawon albasa a kan cinyarta. Ba ta ma yi mishi magana. Ni kuwa ɗana na fari ne, ko sunansa ba na kira, balle in buɗe baki gaban dangin miji in ce a ba ni ɗana. Sai in zauna nesa ina tsintar shinkafa, ina satar kallo.

Rana ta uku da hantsi ya bi ta kan shinkafar da aka shanya, ya watsa ta cikin ƙasa. Kafin in tuna a gidan wa nake, na saki murya: "Ya isa!" Ya ruga bakin zana ya tsaya, "isa, isa". Kunya ta rufe ni, yau kowa ya ji abin da na koya mishi.

Gwaggonsa ta goge hannu a zane ta miƙe. "To, mu tahi," ta ce mishi. Ta ɗage zanar, ya yi gaba da gudu. Na bi su ban san dalili ba, muka ratsa gonakin shinkafa har bakin gulbi. Ya faɗa zaune cikin ruwan da bai kai mishi cibiya ba, yana mari da tafi biyu, yana dariya. Irin dariyar da rabon da in ji ta har na manta.

"Amarya," ta ce, don har yau haka take kirana, "ba ki ji shi ba? Gulbi shika so. Isa. Bara kullum da sahe nan nika kawo shi in kin tahi wanki, ina hwaɗa mishi."

Isa. Gulbi, da Dandanci. Shekarata shida a Malanville, na san kalmar sarai, a bakin masu kifi nake jin ta kullum a kasuwa. Ban taɓa kawo ta a raina ba.

Ya kamata in yi murna. Ɗana ba aku ba ne, abu yake roƙo da sunansa. Amma abin da na fara ji kishi ne, zalla. Ko wannan ɗaya ɗin ma ba tawa ba ce, tata ce. Na ce, "Ai sai ki riƙe shi, Yaya, tunda ke ka jin yarenshi." Ta dube ni, ta ci gaba da zuba mishi ruwa a baya. Da ta zage ni da ya fi mini.

A kan kabu-kabu muna komawa gida sauran ya faɗo mini. Shekara guda cur, kullum ina ce ma yaron nan gulbi da iyakar muryata, shi kuma ya saki abin da yake yi ya je ƙofa ya jira. Daga ƙofar nan ana hango gadar da ke kan gulbin. Ban taɓa buɗe mishi ba.

Washegari da safe na durƙusa gabansa na faɗi kalmar a hankali, ba tsawa. Ya tashi ya nufi ƙofa. Na zare sakata. Ya kama wuyan hannuna ya ja ni, muka wuce masu albasa, muka gangara ƙasan gada. Da ƙafarsa ta taɓa ruwa sai ya tsaya, ya waiwaya, ya leƙa bayana dama da hagu yana neman gwaggonsa.

Ba kowa sai ni. Na tattare zanena na zauna cikin ruwan kusa da shi.