Na Koya wa Baƙo Magana, Na Kasa Faɗin Tawa

Na tsufa, abubuwa da yawa sun zube mini daga ka, har sunayen abokan cinikina na dā sai na yi ta lalube. Amma kwana huɗun nan da na yi a zauren fatoma a Zangon Damagaram, gaban wani Banasare da alƙalaminsa, su kam ina jin da su za a sa ni cikin kabari.

Lokacin ina dillancin fatu. Na taɓa bin ayari har Gat, can cikin Sahara, sau biyu, don haka ina jin Larabcin fatake, irin na ciniki da zagin raƙumi. To ɗan Larabcin nan ne ya ja mini. Wata bazara ayarin arewa ya sauka da wani Banasare, dogo, rana duk ta saɓule masa fatar hanci, ya ce shi mutumin ƙasar Ingilishi ne. Fada ta damƙa shi a hannun fatomanmu mai saukar da baƙi, aka ce a samo wanda zai riƙa zama da shi daga hantsi zuwa la'asar, ya koya masa Hausa, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Fatoma ya waiga, ni ya gani. A zamanin nan kuwa in fada ta ajiye ka a wuri, ba ka tashi sai an sallame ka.

Wallahi ban taɓa aikin da ya gajiyar da ni kamar wannan ba. Mutumin ba sunayen abubuwa yake nema ba, a ce masa ga tukunya ga tabarma a huta. A'a, shi yadda ake ɗaura magana yake so. Sai ya ce da Larabci, "Ba ni misali da so." In ce, "Ina so in tafi kasuwa." Ya rubuta, ya ce in maimaita. In maimaita, ya kankare, ya sake rubutawa. Sannan wai don ya saka mini, dole in koyi nasa. Ya ce a bakinsu in ka ce kana so, ko ka gwada, ko ka roƙa, sai ka sa wata 'yar kalma, "tu", kafin aikin da ke biye, sa'an nan ka kawo wurin ko mutumin da wata 'yar kalmar a gabansa. "Ai wan tu go tu da maket." Haka zai sa ni in yi ta faɗa, kalma na bin kalma kamar raƙuman ayari, kowane a ɗaure da wutsiyar na gaba. Ni da ko a mafarki ba zan je ƙasarsu ba! Ga zafi, ga ƙuda, ga fatuna can suna jira wani dillali na cin kasuwata. Mun yi kusan wata a haka kafin kwana huɗun nan su zo.

Ran nan da safe, ina shirin fita, sai ga ƙanena daga Dogo, garinmu, ƙafafunsa fari fat da tafiya. Bayan gaisuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, yarinyar wajen Inna ba ta jin daɗi. Wuyanta ya sanƙare, tun shekaranjiya ba ta ɗaga kai."

Yarinyar wajen Inna 'yata ce, ta fari. Tun da aka yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta, shekararta goma sha ɗaya a can. Kun san al'adarmu da ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi a gaban mutane, ba ka nuna ka damu da shi, in ba haka ba a ce ba ka da kunya. Ni kuma a wannan fannin har yabona ake yi, ina jin daɗin yabon kuwa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya sawwaƙe. Yaya jakin nan naka, ya daina ɗingishi?" Ƙanena ya dube ni, ya ce ya daina. Ya sha fura ya juya. Matata, uwar yarinyar, ita ma kunyar ta ɗaure ta. Sai dai da na zo fita na tarar ta ajiye mini takalman tafiyata a bakin ƙofa, da gorar ruwa a cike.

Na tsallake su na tafi zauren fatoma. Dogo tafiyar yini guda ce, abin da nake bukata kawai a sallame ni. Amma yaya zan buɗe baki, ƙato da gemu, in ce a bar ni in je 'yata ta fari ba lafiya? Sai na yi dabarar da nake gani ta masu hankali ce. Da Banasare ya ce in ba shi misali, na ce, "Wani mutum yana so ya tafi Dogo." A tsakaninmu da ka faɗi haka, kana kallon ƙasa, an gane, sai a ce maka tashi ka je. Shi kuwa ya ce, "Madalla!" Ya rubuta. Ya ce in maimaita a hankali don ya ji inda muryata ke hawa.

Washegari na ƙara matsawa. "Wata yarinya tana kwance a ɗakin kakarta." Ya rubuta. "Mutumin ya kasa neman izini daga wurin baƙo." Wannan har tafi ya yi, wai ta yi tsawo ta yi kyau, ya juya mini ita da bakinsu ya ce in faɗa. Na faɗa. Ina faɗa ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi, ina cewa a raina wannan wane irin dutse ne. Yau da nake tsoho na san ba shi da laifi. Misali ya roƙa, misali na ba shi. Rana ta uku ma haka ta wuce, na koma gida a gajiye liƙis, na tarar da takalman nan inda suke, matata ta juya mini baya tana tankaɗe.

A rana ta huɗu da hantsi, fatoma ya shigo duba baƙonsa, sai Banasare ya ce bari ya nuna masa irin Hausar da ya samu. Ya buɗe takardunsa ya fara karanto na kwanakin nan a jere, da gurguwar Hausarsa. Mutum yana so ya tafi Dogo. Yarinya tana kwance. Ba ta iya ɗaga kai daga tabarma. Ya kasa neman izini. Yana cikin karatun sai muryarsa ta yi ƙasa, ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni.

"Wace yarinya ce wannan?" ya tambaye ni da Larabci.

Na ce, "Ta gidanmu ce."

"Taka ce?"

Ko a nan, Allah ya gani, na kasa. Sai wasa nake da bakin tabarma. Fatoma ne ya yi salati ya ce, "Ta farinsa ce, ba zai faɗa ba." Sannan ya juyo kaina. "Haba, Malam! Kwana nawa? Ni ba ka gan ni ba ne? Da ka ja ni gefe tun ran farko, ai da na zauna da baƙon da kaina. Tashi, don Allah, tashi!"

Banasare ya miƙe fuskarsa ta ƙara ja, yana faɗa da bakinsu, ban san ko ni yake yi wa ko kansa ba. Ya ɗauko wani ƙullin magani ya tura mini a hannu. Fatoma ya ba ni aron goɗiyarsa.

Na isa Dogo rana ta yi sanyi. Tun daga bakin gari na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, maza zazzaune, na san na makara. Da hantsin ranar aka kai ta, daidai lokacin da ake karanta misalaina a zaure. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Kullum in ta ji motsi a zaure sai ta ce, Inna, mutumin birni ne?" Haka take kirana. Ita ma ba ta taɓa ce mini Baba ba, mun koya mata kunyar da kyau.

Ƙanena ya raka ni maƙabarta ya nuna mini wurin, ya ja da baya. Na durƙusa gaban ƙasar da ba ta gama bushewa ba, na kira sunanta. Shi ne karo na farko da ya fito daga bakina tun ranar suna, kuma babu mai amsawa.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba, da ita aka raine mu. Amma na koyi cewa in rai na kwance, ba a aika magana ta bayan gida a zauna jiran wani ya gane. Ka buɗe baki ka ce nawa ne, ba shi da lafiya, zan tafi. Masu cewa ba ka da kunya za su gaji su yi shiru. Ni da suka yaba wa, ga shi shekara talatin ban huta ba.